Daga Bakin Inji Zuwa Iyafis: Abin da Ƙara Ke Yi wa Kunnuwan Samarinmu

A ƙasar Madobi rani ya fi damina hayaniya. Da an idar da sallar asuba injinan ban ruwa za su fara tashi ɗaya bayan ɗaya a gefen kogi da bakin rijiyoyin fadama. Kafin hantsi masu niƙa da markaɗe sun tayar da nasu a cikin gari, ga babura marasa salansa suna ta kaiwa da komowa da kwandunan tumatir zuwa Kwanar Gafan. In ka gangara Kura kuwa, sai ka ɗaga murya kafin ka iya cinikin shinkafa a wajen masu casa. Ni malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, ina kuma taɓa noman rani kamar kowa a nan. Abin da ya sa na damu da hayaniyar nan shi ne waɗanda suka fi kowa kusa da injinan 'yan shekara 13 zuwa 19 ne, wato yaran da nake tsayawa gabansu da alli kowace safiya.

Kakanninmu da jigo suke ban ruwa, ƙararsa ba ta wuce kukan itace ba. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, daga ita aka jawo ruwa zuwa filayen Kadawa, aikin da aka tsara zai shayar da hekta 22,000 a yankin Kura, Bunkure da Garun Malam. Ruwan kanal da kansa yake gangarowa, ba ya buƙatar inji. To amma gonakin da kanal bai kai gare su ba, irin yawancin namu, sai da ɗan injin fetur. Daga baya kuma harkar shinkafa ta buɗe: shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya da aka ƙaddamar a Kebbi cikin Nuwamba 2015, sannan rufe iyakokin ƙasa a Agusta 2019. Injinan casa suka yawaita a kowane lungu. Albarka ce, ba na musu. Na san ɗaliban da da kuɗin aikin inji suka biya wa kansu jarrabawar fita. Ba wanda zai ce a kashe injinan nan, ni ma ba zan ce ba.

Ɗan ƙanwata yana aiki a wani injin casa, don haka na san ɗakin ciki da bai. Ginin bulo ne da rufin kwano, ƙofa ɗaya, taga ɗaya. Injin dizal yana gefe yana jijjiga ƙasa, bel yana kaɗawa, ƙurar dusa ta turnuƙe har gashin ido sai ya yi fari. Shi yana tsaye a kan buhu yana juye shanshera a bakin inji, kansa bai fi kamu biyu daga ƙarfen da ke ruri ba. Abokin aikinsa yana ƙasa yana tarar wadda aka cashe. Ba sa magana da baki. In yana son a ƙaro buhu sai ya ɗaga yatsa, in bel ya zame sai ya daki kafaɗar na kusa da shi. Sun rufe hanci da tsumma saboda ƙura, wannan kam sun san illarta, domin tari ba ya ɓuya. Kunne kuwa a buɗe yake. Idan aka kashe inji don sallar azahar sai ka ji suna ci gaba da yi wa juna ihu a wajen alwala, kamar har yanzu yana aiki.

Na tambaye shi ko ƙarar ba ta damunsa. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai da farko ne. Makon da na fara, in na koma gida kunnena sai ya yi dum, yana ta tsiii har na yi barci. Yanzu kuwa ya saba."

Wannan kalma ta "ya saba" ita nake ji a bakin mai niƙa, ita nake ji a bakin ɗan acaɓa, ita nake ji a bakin yaron da ke kwana a bukka kusa da injin ban ruwa don gudun ɓarayi. Sabo kuwa turken wawa ne. Kunne ba ya ƙara ƙarfi don an daɗe ana dukansa da ƙara. Idan ƙarar da ke damunka bara ta daina damunka bana, alhali injin bai canja ba, to kai ne ka canja: wani abu ya ragu daga jinka.

Ga yadda abin yake. Sauti girgizar iska ne. Yana shiga ramin kunne ya bugi wata siririyar fata da muke kira dodon kunne, ita kuma ta motsa wasu ƙananan ƙasusuwa guda 3 da ke bayanta, waɗanda babu ƙashin da ya kai su ƙanƙanta a jikin ɗan Adam. Su kuma su miƙa girgizar ga wata 'yar gaɓa naɗaɗɗiya mai siffar katantanwa, cike da ruwa, da ba ta wuce ƙwayar wake girma ba. A cikinta akwai ƙwayoyin halitta masu siririn gashi a kansu, kimanin 15,000 zuwa 16,000 a kowane kunne. Idan ruwan ya motsa sai gashin ya lanƙwasa, sai jijiya ta kai saƙo ƙwaƙwalwa, sai mutum ya ce ya ji. Ƙara mai ƙarfi tana wahalar da su. Kamar sabon tsiron alkama ne: in ka taka shi sau ɗaya, washegari za ka tarar ya miƙe, amma in kullum ta nan kake bi, turba za ta fito, ba kuma abin da zai sake tsirowa a wurin. Dum ɗin nan da tsiii ɗin da yaro ke ji bayan aiki ko bayan biki, alamar an taka ce. Yakan washe bayan awoyi ko kwana ɗaya zuwa biyu, shi ya sa ba a ɗauke shi a bakin komai ba. Ƙwayar da ta mutu kuwa ta tafi ke nan. Abin mamaki, tun a ƙarshen shekarun 1980 masana suka gano cewa tsuntsaye suna sake tsirar da nasu. Wato jan-bakin da yaranmu ke wuni suna kora da dukan gwangwani a gonar shinkafa ya fi mai korarsa sa'a ta wannan fuska. Mutum da abin da aka haife shi da shi zai ƙarasa rayuwa, kuma har yau babu ƙwaya ko allurar da ke dawo da su.

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel. Hirar mutum biyu tana wajen 60. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata suka fi amfani da ita ta ce mutum zai iya zama cikin ƙara mai desibel 85 na awa 8 a rana, iyakarta ke nan. Sai dai ma'aunin yana da yaudara, domin duk ƙarin 3 ninki biyu ne na ƙarfin sautin, saboda haka lokacin ma sai ya rabu biyu. A 88 awa 4 ne. A 91 awa 2. A 94 awa ɗaya tak. A 100 minti 15. Injinan niƙa da na casa, in aka auna su a kusa, sau da yawa sukan haura 90. Sai mai karatu ya yi lissafin da kansa: yaron da ya tsaya a ƙarar 94 daga ƙarfe 8 na safe zuwa la'asar ya sha rabon kwana 8 a wuni ɗaya, gobe kuma zai koma. Wanda ba shi da na'urar awo yana da hanya mai sauƙi. Miƙa hannunka. In sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye a ƙarshen yatsunka ya gane maganarka, to ƙarar wurin ta kai mizanin cutarwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara kururuwa a kan kunnuwan matasa tun 2015, inda ta ce sama da mutum biliyan ɗaya 'yan shekara 12 zuwa 35 suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraron sauti a waya da wuraren nishaɗi. A 2024 kuma ta ce a yankinta na Afirka mutum miliyan 40 ne ke fama da matsalar ji, adadin zai iya kai miliyan 54 nan da 2030. Sai dai idan aka yi maganar matasa a Ingila ko Amurka, hoton da ke zuwa shi ne yaron da ya wuni a aji shiru, da yamma ya toshe kunne da kiɗa. Namu yaron ya sha bamban, kuma a ganina nasa ya fi muni. Shi ya wuni a bakin inji, sannan ya dawo ya ɗora da iyafis. Kunnensa ba shi da lokacin hutu, hutun nan kuwa shi ne abin da ke bai wa ƙwayoyin da suka jigata damar farfaɗowa.

Abu biyu ke sa ya ƙure ƙarar wayar. Na ɗaya, kunnen ya riga ya yi dum daga wajen aiki, don haka abin da zai ishe shi da safe ba ya isarsa da dare. Na biyu, janaretan mai cajin waya ko na gidan kallon ƙwallo yana ruri a gefensa, iyafis ɗin kuma irin mai arha ne da ba ya toshe ƙarar waje, dole sai ya ɗaga nasa ya danne na janareta. Waya in aka ƙure ta tana iya kai desibel 100 ko fiye, a cikin ramin kunne kai tsaye. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga babba ita ce desibel 80 na awa 40 a mako, ga yaro 75. In aka kai 90, awa 4 kacal ke nan a duk makon. Da yawa kuma da iyafis ɗin suke barci, har asuba yana aiki. 'Yan mata ma ba a bar su a baya ba, nasu dai hijabi ya rufe, uwa ba ta gani. Wani uba ya taɓa ce mini, "Malam, nawa ɗan ai karatu da wa'azi yake saurare, ba waƙa ba." Na ce masa Allah ya yi wa yaron albarka, amma ya rage ƙarar, domin ƙwayoyin nan ƙarfin sauti suka sani, ba su san abin da ake faɗa ba.

Sai biki. Mai DJ zai jera lasifikoki a ƙofar gida, wasu sun fi yaro tsayi, kuma su wa ke gaba? Ƙananan yara da 'yan mata masu goyon ƙannensu. Har gasa ake yi a ga wanda zai iya tsayawa a jikin lasifikar. Na sha jin an hana kiɗan DJ a wani gari saboda tarbiyya ko faɗan 'yan daba, ban taɓa jin an ambaci kunne a cikin dalilan ba. Gaskiya kuma ɗaya ce, tarukan wa'azi da na maulidi da na siyasa su ma sukan ƙure lasifika, yara kuma a gindinta suke zama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2022 cewa kada matsakaicin ƙarar wurin taro ya wuce desibel 100. Najeriya ma tana da dokar taƙaita ƙara tun 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA. A takarda take. Ban taɓa ganin jami'i da na'urar awo a wani injin niƙa ko filin biki a yankinmu ba. Bindigar wasa da yara ke fasawa lokacin sallah da bindigar toka kuwa nasu daban ne: fashewa ɗaya kusa da kunne kan haura desibel 140, tana iya yin ɓarnar nan take.

A aji nake ganin sakamakon, kuma ba ya zuwa da siffar kurumta. Ƙara tana fara cinye ƙwayoyin da ke jin siraran sautuka, irin su s, sh, f da ts. Wasula da amon murya suna nan daram. Saboda haka yaro yana jin ana magana, amma sara da shara da fara da tsara duk sun zama abu ɗaya a kunnensa, sai dai ya cike gurbin da hasashe. In ku biyu ne a ɗaki shiru, lafiya lau. In aji ya cika, mutum sittin ko fiye, fanka na juyawa, sai ya ɓace. Za ka ga yana kallon bakinka maimakon allo, yana leƙa littafin na kusa da shi, in ka kira sunansa daga baya sai an taɓa shi. Shifta takan tona asirin: kalmomin da ya rubuta sun yi kama da waɗanda aka faɗa, amma ba su ba ne. Wani ɗalibina ya faɗa mini abin da ya fi kowane littafi bayyana matsalar. Ya ce, "Malam, muryarka ina jin ta sarai, maganar ce ba na ganewa."

A gida kuwa hukunci ake yanke masa. "Ina kiranka kana jina ka yi banza da ni." "Yaron nan tunda ya fara samun kuɗi ya raina mutane." Wani lokaci har da mari, marin kuma a kunne yake sauka, alhali tafin hannu in ya rufe ramin kunne da ƙarfi yana iya fasa dodon kunne. Wannan ya shafe mu malamai kamar yadda ya shafi iyaye. Shi kuma yaron ba zai faɗa ba. Wane saurayi ne zai yarda a riƙa ce masa kurma a majalisa? Gara ya gyaɗa kai ya yi murmushi, ya bar mutane su ɗauka miskilanci ne.

Ƙara ba ita kaɗai ke taɓa kunne a ƙasar nan ba, kuma sau da yawa kan kunnen da ya riga ya raunana take sauka. Manya suna tuna annobar sanƙarau ta 1996 da ta kashe dubban mutane a Arewa, ta bar wasu da kurumta har yau. Ƙyanda da hangum da zazzaɓin Lassa duk suna iya tafiya da ji. Akwai magungunan da ke cutar da kunne in aka yi su ba bisa ƙa'ida ba, irin allurar gentamicin da ake yi wa mutane barkatai a wasu kemis. Ga kunne mai zubar da mugunya da ake bari shekara da shekaru, ana ɗiga masa mai ko ruwan ganye, ga sakace da tsinken tsintsiya ko gashin kaza ko ashana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na rashin jin yara daga abubuwan da za a iya kauce musu ne. Wani lokacin ma dauɗar kunne ce kawai ta toshe, a wanke a asibiti yaro ya dawo garau. Dalilin da ya sa ba a zama a gida ana hasashe ke nan.

Gwajin ba shi da zafi. Ana sa mutum a ɗaki shiru, a ɗora masa abin sauraro, a riƙa sako sautuka daga masu kauri zuwa sirara, duk wanda ya ji ya danna maɓalli ko ya ɗaga hannu. Sakamakon yana nuna ko ƙara ce ta yi ɓarnar, domin tana da tambarinta. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen kunne, hanci da maƙogwaro, haka ma Asibitin Murtala, a Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa. Daga Madobi zuwa birni ba tafiyar kwana ba ce. Wanda jinsa ya ɗauke farat ɗaya, musamman a kunne guda, kada ya jira mako ya zagayo, domin irin wannan a kwanakin farko ake iya ceto shi. Na'urar ƙara ji tana taimakawa ƙwarai, sai dai da tsada, tana cin batir, kuma ba ta mayar da kunne yadda Allah ya halicce shi.

Abin da za a yi bai fi ƙarfinmu ba. Injin ban ruwa ba ya buƙatar a zauna a kansa: tazara in ta ninka, a fili ƙarar tana raguwa da kusan desibel 6, don haka a kafa bukkar gadi nesa da shi. Salansar da ta fashe a gyara ta, wadda aka cire don burga a mayar. Tsadar fetur tun cire tallafi a Mayu 2023 ta tura wasu manoma ga injin sola, kuma ko ba don kunne suka saya ba, kunne ya ci riba. Yarinyar da aka aika markaɗe ta ajiye robarta a layi ta koma waje da goyonta. Waya kada ta wuce kashi 60 na ƙararta, in ta nuna gargaɗi a saurare ta, a kuma cire iyafis kafin a kwanta. Ranar da aka wuni a inji, daren ranar na shiru ne.

Nauyi mafi girma dai yana kan masu inji, kuma da ku nake, Alhazai da iyayen gida. Yaron da ke juye muku shanshera amana ce a hannunku, bai kuma san lissafin da na kawo a sama ba. Auduga da tsumma ba sa tare wani abin kirki. Akwai abin toshe kunne na soso da aka yi don wannan aiki, ana samunsa a shagunan da ke sayar da hular kwano da takalman ma'aikata a Kano. Ana murza shi ya sirance, a ja kunne sama a tura, a riƙe har ya kumbura ya cika ramin. In an sa shi daidai yana rage desibel 15 zuwa 30, kuɗinsa kuma bai kai na mudun shinkafa ba. A fitar da injin dizal bayan bango, bel ya ratso ta kafa. A riƙa musanya yara tsakanin bakin inji da shanya da ɗinkin buhu, kada mutum ɗaya ya wuni a wuri guda. Ku kuma fara sa abin toshe kunnen da kanku, domin in yaro bai gani a kunnen maigidansa ba, a aljihu zai bar nasa.